Manomin Garinmu a Majalisa: Musayar Waƙa

Mai Tumatur, Mile 12:
Salamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya muna sauke kwanduna aka tayar da zancen mutumin garinmu, manomin rani da ya zama ɗan majalisar jiha. Ba zan kama suna ba. Amsa-amon "ma" ne, kowa ya riƙe.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai saukar da ruwa ga masu noma.

Na san shi gwiwa cikin taɓo,
Da injin ban-ruwa yana ta fama.

A 2016 tsutsa ta sauka,
Ta bi tumatur ƙasa da sama.

Kwando ya yi tsada a nan Ikko,
Can ko manoma sun rasa dama.

Shi ya haɗa mu cikin ƙungiya,
Ya bi mana taki wajen hukuma.

Muka ce lallai kai za ka tsaya,
Karo-karon fom muka yi da himma.

Zaɓen 2019 ya ci kujera,
Har nan Legas muka yanka nama.

Yau in na kira shi yaro ke ɗauka:
"Honarabul yana cikin zama."

Direban Tirela, Agege:
Alhaji, ni ke ɗauko maka kayan nan daga gida, kuma ta ƙofar gidan mutumin nake wucewa. Ka saurara.

Ɗan majalisa ba gwamna ba ne,
Makullin kuɗi na hannun mai girma.

Nasa doka ne da duba kasafi,
Da kiran kwamishina a yi gardama.

Ya kai ƙudurin yashe kanal na ban-ruwa,
Aka karanta, aka buga guduma.

An sa a kasafi, kuɗi bai fito ba,
Fayil na ofis yana ta hamma.

Tun da asuba ka je ƙofarsa,
Layi ya miƙe har kan kwana ma.

Ga mai takardar sayen magani,
Ga mai aurar da 'ya, ga mai hidima.

Albashi ɗaya, baki dubu,
Ko rumbun sarki ba zai jima.

Hajiya Mai Abinci, Idi-Araba:
Ku ɗan matsa, Alhaji da Malam Direba. Ni ce mai sayen tumatur ɗin da kuke faɗa a kansa, kuma tukunyata ce ke jin jiki.

Ran 29 ga Mayun 2023,
Aka cire tallafi, kowa ya yi tsuma.

Lita da ba ta kai 200 ba,
Ta haye 500 a Arewa, ta kama.

Injin ban-ruwa fetur yake sha,
Wanda bai da shi ya bar fadama.

Ban ce ya maido da tallafi ba,
Wannan na Abuja ne, na sani ma.

Amma wanda ya taɓa jan igiyar inji,
Ya san zafin, ai sai ya yi kalma.

Ya tashi a zaure ya nemi na sola,
Ko rance mai sauƙi ga manoma.

Babur ya raba, na gani a Facebook,
Da shinkafar azumi, da atamfa kuma.

Matan da ke tsinka a gonarsa,
Me suka samu ban da sallama?

Direban Tirela, Agege:
Hajiya, wannan kam kin kama ni. Sai dai baburan ma mutane ne suka roƙa, ba wanda ya je masa da zancen sola.

Ɗan Makaranta, Obalende:
Iyayena, a gafarce ni, yaro zai sa baki. Tambaya gare ni.

Baba, ina ka yanki katin zaɓe?
Ketu ne, ko can gida ka koma?

In na Ketu ne, wakilinka na majalisar Legas a Alausa,
Kujera 40 ce, an raba an gama.

Wa ya san sunan nasa a cikinsu,
Ko ranar da suke shiga zama?

Harajin kasuwa nan ake yanka shi,
Dokar acaɓa nan ta kankama.

Muna tuhumar wanda ke nesa,
Na kusa bai ji ko tarinmu ba ma.

Tun 2018 aka rage shekarun takara,
Ɗan 25 na iya neman dama.

An haife mu a Agege da Idi-Araba,
Yarbanci a bakinmu kamar zuma.

Mai Tumatur, Mile 12:
Ɗana, ka iya magana. Katina na gida ne, kuma duk zaɓe nake hawa mota in je in dangwala, da kuɗin aljihuna. Saboda haka ina da bakin tambaya.

Ban roƙe shi babur ko shinkafa,
Ban kai masa katin biki ba ma.

Kanal nake so ruwa ya gudana,
Ƙannena su daina gudun fadama.

Uku sun zo min nan Mile 12,
Suna dako, alhali gwanayen noma.

In kuɗin ya maƙale wajen gwamna,
Ya fito rediyo ya faɗa wa al'umma.

Direban Tirela, Agege:
Jibi in Allah ya yarda zan kama hanya.

In na ƙetare Jebba na kai gida,
Gonarsa zan fara tsayawa da yamma.

In ya yi dashe bana zan faɗa muku,
In haya ya bayar, zan faɗa kuma.

Alhaji, ka rubuto min baitocinka a takarda, da hannu zan miƙa masa, ba ta hannun yaron ba.