Matsalar mafitsara ga masu daɗaɗɗen ciwon hanji: mu ji daga bakinku

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina roƙon masu fama da daɗaɗɗen ciwon hanji, musamman cutar Crohn, su faɗa mana ko abin ya taɓa shafar mafitsararsu. Nawa ya fara ne da zafin fitsari da yawan zagayawa, daga baya jini ya biyo, kuma da yake mu a nan da zarar an ga jini a fitsari tsargiya ake kawowa, sai aka ba ni praziquantel, amma ban samu sauƙi ba. Hoton ciki ya nuna wani dunƙule a saman mafitsara, hankalin gidanmu ya tashi domin an ce yana iya zama ciwon daji. Sai da aka leƙa ciki da na'ura, aka tsinko ɗan nama aka gwada, sannan aka tabbatar kumburi ne irin wanda ba kasafai ake gani ba, wanda likitoci ke kira xanthogranulomatous cystitis. An yanke wurin da tiyata, alhamdulillahi.

Uwargida daga Samaru: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara lafiya, malam. Na maigidana ya bambanta da naka. Ya daɗe yana gudawa da rama, ana cewa basir ne, har wani asibiti ya ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata 6, kuma ban ga laifinsu ba, domin tibin hanji da cutar Crohn suna kama sosai, ga shi tibi ya fi yawa a ƙasarmu. Abin da ya tona asirin ciwon shi ne iska da ta riƙa fita tare da fitsari, abin da ya daɗe yana jin nauyin faɗa wa kowa. Da muka je Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, aka gano hanjin ya manne da mafitsara har ya huda ta.

Tsohon ma'aikacin jinya, Gyallesu: Hajiya, abin da kika kawo shi ne mafi muhimmanci. Cutar nan, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1932, ta fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, wanda yake kwance kusa da saman mafitsara, kuma kumburinta yana ratsa kaurin bangon hanjin gaba ɗaya, shi ya sa take iya taɓa abin da ke maƙwabtaka da shi. Shi kuwa dunƙulen ɗan'uwanmu tarin ƙwayoyin garkuwar jiki ne da suka cika da kitse, ba ya yaɗuwa, amma a hoto ba a iya raba shi da daji sai an gwada naman. A zamanin da nake aiki na sha ganin marar lafiya ya ɓoye wa likitan mafitsara labarin gudawarsa, don yana ganin ba su da alaƙa.

Ɗaliba daga Kongo, Zariya: Ni tsakuwar ƙoda ce ta same ni, kuma likita ya ce hakan na faruwa ga masu Crohn saboda gudawa tana ƙarar da ruwan jiki. Ya hana ni shan ibuprofen da diclofenac, domin suna iya tayar da ciwon hanjin. Baba, shin kumburin mafitsarar yana dawowa bayan tiyata?

Tsohon ma'aikacin jinya, Gyallesu: 'Yata, yanke wurin yakan wadatar, amma tiyata ba ta kawar da cutar Crohn, don haka ba a barin maganin hanji ko ganin likita.

Ɗan Tudun Wada: Haka aka gaya mini, kuma an ce in kawo fitsari a gwada duk lokacin da zafin ya dawo, kafin in sayi kowane magani a kemis.