Idan Allon Ubuntu Ya Yi Baƙi Bayan Sabuntawa

Wasu masu amfani da Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta, sukan tarar allon kwamfutarsu ya yi baƙi bayan sun sabunta shi. Waɗanda suka tattauna wannan matsalar sun yi ittifaƙi cewa sabuntawar da ta katse, musamman idan wuta ta ɗauke ana tsaka da ita, takan bar allo baƙi ƙirin, linzamin kwamfuta (mouse) kuma ya ƙi motsi. Shawararsu ta farko, wadda a ganina ta fi sauran muhimmanci, ita ce kada a yi gaggawar goge Ubuntu. A danna Ctrl+Alt+F3 don buɗe allon rubuta umarni, a shiga da sunan mai amfani da kalmar sirri, a rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install, domin a ƙarasa abin da ya tsaya rabi. Mai katin hoto na Nvidia ya gwada ƙara kalmar nomodeset, wadda ke sa allo ya yi aiki a yanayi mai sauƙi, a GRUB, wato manhajar da ke tayar da Ubuntu idan an kunna kwamfuta. Shi kuwa linzami, a fara sauya masa ramin USB, ko da yake wasu sai da suka koma Xorg daga Wayland (tsare-tsare biyu ne na nuna abubuwa a allo) suka samu sauƙi.