Tambaya kan asibitin Sage Grove a The Boys

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare na kalli kashi na 6 a zango na 2 na The Boys, fim ɗin nan na Amurka mai dogon zango kan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, wani mai tura finafinai a Farm Centre ne ya sa min a waya, wallahi har yanzu abin bai bar raina ba. Wajen nan da Frenchie da MM da Kimiko, 'yan ƙungiyar da ke yaƙar jaruman, suka saka kayan ma'aikatan asibiti suka lallaɓa cikin Sage Grove. Abin da ban gane ba, tunda kamfanin Vought suna da jarumai irin su Homelander to me kuma suke nema a jikin bayin Allahn da suka kulle a ɗakunan nan? Shi kuma Lamplighter, tsohon jarumin Vought mai sarrafa wuta, me ya kai shi can?

Abban Sadiq:
Ƙanina ai sinadarin nasu Compound V, wanda ke ba su Homelander ƙarfi, tun suna jarirai ake ɗura musu, babba in aka yi masa yawanci ko ya mutu ko ya lalace, shi ne suke gwadawa a kan waɗannan har su samu wanda zai zauna a jikin manya, kuma Stormfront, ɗaya daga cikin jaruman Vought, ce ke kula da aikin. Lamplighter aikinsa ƙone duk wanda aka gama da shi don kar a ga shaida. Shi ne fa ya ƙone jikokin Mallory, tsohuwar shugabar su Frenchie, shi ya sa suna haɗa ido da Frenchie wuri ya hargitse.

Maman Hanifa:
Ni kam kasa ƙarasawa na yi, ina ganin ƙofofin nan a rufe sai Asibitin Zana ya faɗo min. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a nan Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin, yara kusan 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, wasu suka kurmance wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ba ne, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara 13 fa ana jira. Uwa ta kawo ɗanta wuya ya sanƙare jiki zafi rau, ina ta ga nutsuwar tambayar wane magani ne?

Abban Sadiq:
Gaskiya ne Hajiya. Don Allah dai kar wannan ya hana kowa kai yaro rigakafi, mun ga yadda shan inna ya bazu bayan an dakatar da ɗigon a 2003. Kuma ƙanina kar ka kalli fim ɗin nan kusa da yara, akwai jini da batsa sosai.

Ɗan Kurna:
Na gode Yaya, na gode Hajiya, Allah Ya jiƙansu. Wallahi ban taɓa jin labarin nan ba kuma kusan kullum sai na wuce ta gaban asibitin a adaidaita. Ita Cindy, ɗaya daga cikin waɗanda aka kulle a Sage Grove, da ta tsere a ƙarshe, ana sake ganinta?