Idan Matsala Ta Taso Ana Gyaran Jijiyar Jini a Ƙwaƙwalwa

Wasu likitoci da suka tattauna kan matsalolin wannan aiki sun fi daɗewa kan fashewar kumburin jijiya ana tsaka da cusa masa zaren ƙarfen filatinam don toshe shi. Shawararsu: kada a janye siririn bututun da ake tura zaren ta cikinsa, domin sau da yawa shi ke toshe ɓular. A karya ƙarfin heparin (maganin hana jini daskarewa) da maganin protamine, miligiram 1 ga kowane yunit 100 na heparin, a daidaita hawan jini, a hura balan-balan a bakin kumburin, a ƙarasa cusawa da hanzari. Sai hoton CT, a zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa idan ya taru.

In gudan jini ne ya toshe hanya, a ba da tirofiban (maganin hana jini yin guda) ko a zaro gudan. Matsematsi ma, inda bututun ya shiga, a riƙa dubawa. A ganina nan aka fi sakaci.