Wace sensa ce za ta iya da ƙurar hunturu?

Malama Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare nan Kano, ina so ni da ɗalibaina mu haɗa na'urar auna ƙurar iska kafin hunturu ya kankama. Da hazo ya sauko sai tari ya cika aji, masu asma kuwa wasu ko zuwa ba sa iyawa. Me zan saya? Kuɗin hannunmu ba yawa.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malama. Ki bi tsarin Sensor.Community, shirin 'yan sa-kai masu auna iska, wanda aka fara a Stuttgart ta Jamus a 2015 da sunan Luftdaten. Kaya uku ne: SDS011 mai auna ƙura, allon NodeMCU mai ESP8266 da zai riƙa tura sakamako ta Wi-Fi, sai BME280 na zafi da laima. Manhajar kyauta ce, cajar waya ma ta isa ta tayar da shi. Abin da kuka auna zai hau taswirarsu, yaran su ga makarantarsu a kai.

Aminu: Yaya Bashir, ai PMS5003, ita ma sensar ƙura ce, ta fi araha. Irinta ce a cikin na'urorin auna iska na kamfanin PurpleAir, guda biyu suke sakawa don ɗaya ta riƙa gaskata ɗaya.

Malam Habibu: Aminu, a hayaƙi ba ni da ja, PMS5003 tana aiki. Hayaƙin janareta, na itace, na bola da ake ƙonawa da magariba, duk ƙanana ne, tana kama su. Amma Malama hunturu ta ambata. Ƙurar da iska ke kwaso mana daga kwarin Bodele na Chadi tana da manyan ƙwayoyi da yawa, su kuma waɗannan ƙananan sensoshin fankarsu ba ta iya janyo manyan har gaban hasken leza yadda ya kamata. Lambar PM10 (awon da ya haɗa har manyan ƙwayoyi masu faɗin maikromita 10) da PMS5003 ke nunawa kusan kintace ce daga ƙananan da ta gani. Ita ma SDS011 ɗin ba ta tsira daga wannan ba. Wadda ke ƙirga manyan da gaske irin OPC-N3 ce ta kamfanin Alphasense, sai dai kuɗinta ba na aikin makaranta ba ne. Shawarata, Malama, ki sayi wadda kika samu cikin biyun, ki dogara da lambar PM2.5, wato ta ƙananan ƙwayoyin da ba su wuce maikromita 2.5 ba, ta PM10 kuwa ki koya wa yara su karanta ta a matsayin alamar yau ta fi jiya ko ba ta kai ba. Ina nanata wannan ne saboda kada wata rana a ga PM10 ƙasa a ce wa mai asma ya fita wasa alhali gari ya yi fari fat.

Malama Sadiya: Allah ya saka da alheri Malam. To wace lamba ce za mu ce ta yi yawa?

Malam Habibu: Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021: PM2.5 kada matsakaicinta na awa 24 ya wuce maikrogiram 15 a kowace kyubik mita, na shekara kuma 5. PM10 45 a yini, 15 a shekara.

Hajiya Rabi: Ni kan mazauninta zan yi magana, don tawa na nan a barandar bene. Gwiwar fayif biyu na masu aikin famfo ake haɗawa, bakunan su kalli ƙasa, ruwa ba zai shiga ba. Ki ɗaura ragar sauro a kowane baki. Zanzaro ya taɓa gina min ɗaki daidai bakin ɗan tiyon da ke shaƙo iska, lambar ta kwanta kusa da sifili, sai da na kwance na tarar da ƙasa ta toshe shi tam. Kada ki rataye ta ƙarƙashin kwanon rufi da rana ke gasawa, kuma ki nisanta ta daga madafa da wurin janareta, in ba haka ba hayaƙin makarantarku kawai za ki auna.

Aminu: A ƙara MQ135 don iskar gas fa?

Injiniya Bashir: A'a ƙanena, bar ta. Komai ta ji motsawa take, ba ta bambance wannan gas da wancan. Wuta ce matsalar da za a fi sha. Ki sa fawa bank mai iya caji yana bayarwa a lokaci guda, ko ƙaramin sola. Lezar SDS011 kuma awa 8,000 aka yi mata, shi ya sa manhajar ke tashinta ta yi awo duk bayan daƙiƙa 145 ta koma barci. Kada yara su canza wannan don son ganin lamba kowane lokaci.

Hajiya Rabi: Da damina ma ki lura, in laima ta haura kashi 70 cikin ɗari lambar takan kumbura. Amfanin BME280 ke nan.

Malam Habibu: Ki kuma leƙa aikin auna iska na AirQo na Jami'ar Makerere a Kampala da sensors.AFRICA na Code for Africa, sun daɗe suna fama da irin ƙurarmu da ɗaukewar wutarmu.

Malama Sadiya: Na gode ƙwarai. SDS011 biyu zan yi oda, mu fara ajiye su waje ɗaya mu ga ko bakinsu zai zo ɗaya, sannan ɗaya ta koma bakin titi, ɗaya filin wasa. Injiniya, in kayan sun iso za ka samu wata Asabar ka zo ka nuna wa yaran haɗin wayoyin?

Injiniya Bashir: In sha Allahu Malama. Ku tanadi fayif ɗin da ragar, ni zan zo da kwamfuta.