Katin sadarwa ya daina aiki bayan ruwan daren Talata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu da cike fom, kwamfuta uku a kan rauta (na'urar raba intanet) ɗaya, kowacce da kebul ɗinta. Tun ruwan da aka yi da tsawa daren Talata ɗaya ta daina kama intanet, sauran biyun kuwa lafiya lau. Windows 10 ce a kanta. Na kashe na kunna, na canza kebul, shiru. Wani ya ce in yi mata fomatin, wato in goge komai in sake sa Windows, alhali aikin mutane ne cike a cikinta. Don Allah ku taimaka da shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka yi fomatin tukuna. Leƙa bayan kwamfutar, daidai bakin da kebul ke shiga, za ka ga 'yar fitila koriya ko ruwan lemo. Tana ci? Zaro kebul ɗin ɗaya daga masu aikin ka soka a nan, don wani lokaci bakin rautar ne ya mutu, ba katin ba.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan maganar ɗan uwa, buɗe Device Manager (inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta) ka duba Network adapters da Other devices. In ka ga alamar motsin rai cikin rawaya, shiga ka karanta lambar. Code 28 na nufin babu direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, Code 10 kuma katin ya kasa tashi. Idan ba ka san wane kati ba ne, duba Hardware Ids: VEN_10EC na Realtek ne, VEN_8086 na Intel. Sai ka haɗa wayarka ta USB, ka kunna tethering don kwamfutar ta samu intanet daga wayar, ka sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Fitilar ba ta ci ko da kebul mai aiki, kuma katin ba ya cikin jerin sam.

Amsa ta uku: To ɗan uwa, maganar direba ta kau. Abu biyu suka rage. Cire kebul ɗin wuta, danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti, sannan ka mayar ka kunna. Shiga BIOS kuma (saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi) ka tabbatar Onboard LAN, wato katin sadarwar da ke jikin kwamfutar, a kunne yake. In har bai fito ba, ina kyautata zaton tsawar ce ta ƙone shi. Da damina muna yawan ganin haka a wurin gyara: wutar na biyo kebul ta cinye katin kaɗai, kwamfutar na ta aikinta. Sitabilaiza ba ta tsare wannan hanyar, shi ya sa nake roƙon masu shago su riƙa zare kebul ɗin sadarwa in hadari ya haɗo.

Kada ka bari a ce sai an canza maka bod (babban allon cikin kwamfutar) gaba ɗaya. Sayi adafta ta USB zuwa Ethernet (bakin kebul ɗin intanet), ko katin PCIe da ake sokawa a jikin bod in ta tebur ce. Ka sa mai sayarwar ya gwada maka ita a gabanka kafin ka biya.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Zan fara da BIOS ɗin yau da dare in na sallami mutane.