Llywelyn ɗan wa? A sauya sunayen nan ko mu haƙura da su

Maryam: Salamu alaikum jama'a. Yau da ƙorafi na zo. Sati uku ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari na Turanci da na tsinta wajen masu gwanjon littattafai, a kan rikicin sarakunan Wales da Ingila a ƙarni na 13. Labari kam da daɗi, ga soyayya ga cin amana. Amma ina shafi na 140 har yanzu ban san wa ke neman ran wa ba. Akwai Llywelyn ap Gruffudd, ubansa kuma Gruffudd ap Llywelyn. Ga wani Gruffudd ap Gwenwynwyn, wanda in na zo kan sunansa sai in ji kamar na taka tsakuwa a cikin shinkafa. Dafydd biyu ne. Eleanor kuwa na ƙirga huɗu na gaji. Ni a ganina duk marubucin da ya ɗauko tarihi zai mai da shi labari, wajibinsa ne ya sauya sunayen nan zuwa waɗanda baki zai iya ɗauka. In ya ƙi, to burga kawai yake yi, so yake mu ce ya yi bincike.

Nura: Wa'alaikumus salam. Anti Maryam ke ce kike wahalar da kanki. Wa ya ce sai kin furta? Ni harafin farko nake kallo da tsawon kalmar in wuce. Mai dogon G ɗin nan da na san shi "Gwani" zan sa masa, shi ke nan.

Maryam: Na gwada, Nura. Na sa wa Llywelyn "Lawal". Sai ga Lawal biyu, ɗaya kakan ɗaya.

Bashir: Ina bayan Anti ɗari bisa ɗari. Labari ai don nishaɗi ake yinsa. Mai son jarrabawa ya tafi jami'a.

Malam Sani: Maryam, bari in tambaye ki. Da wani Bature zai rubuta labari a kan Kano ta dā, ya ga Gijimasu da Kanajeji da Tsumburbura sun yi wa masu karatunsa nauyi, sai ya mai da su Jimmy da Ken da Barbara, me za ki ce?

Maryam: Haba Malam, ai wannan daban ne.

Malam Sani: Ina bambancin? Nauyin da kika ji a Gwenwynwyn shi zai ji a Tsumburbura. Kuma abin da kike kuka da shi, shi ne makullin littafin da ke hannunki. Wannan "ap" ɗin ma'anarsa "ɗan", kamar yadda muke cewa Usmanu ɗan Fodiyo ko Larabawa su ce ibn. In sunan uban da wasali ya fara sai ya koma "ab". Mace kuma "ferch" ake sa mata, wato 'yar wane. To karanta shi da Hausa ki gani. Llywelyn ɗan Iorwerth shi ne kakan, wanda suke kira Fawr, wato Babba, ya rasu 1240. Yana da Gruffudd wanda ya haifa da wata mace ba ta auren coci ba, yana kuma da Dafydd, ɗan matarsa Joan, 'yar Sarki John na Ingila. A al'adar Wales ɗan da uba ya amsa nasa ne yana da gado ko ta wace hanya aka same shi, amma tsohon ya zaɓi Dafydd ya gaje shi shi kaɗai. Gruffudd ya ƙare a tsare a Hasumiyar Landan, a 1244 ya ɗaura zannuwa zai sauko ya gudu, igiyar ta tsinke ya faɗo ya mutu. Ɗansa ne Llywelyn naki na biyu. Duk sanda aka ce "ap Gruffudd" ana tuna miki ne cewa wannan ɗan wanda aka hana gado ne. 'Yan ubanci ne zalla, irin wanda ko a unguwarku kin san gidan da ake yinsa. Ki cire sunan ki sa masa Lewis, kin cire wannan duka.

Hadiza: Ku bari in ba ku nawa daga Damagaram. Mu da Faransanci muka karanta tarihin nan, kuma can an riga an yi abin da Maryam take nema. William wanda ya ci Ingila a 1066 Guillaume muka san shi. Sarki John shi ne Jean sans Terre, Stephen kuma Étienne, Eleanor ta zama Aliénor. Ranar da na fara hira da wata ƙawata 'yar Katsina kan waɗannan mutane, mun fi minti ashirin muna musu, ita tana William ina Guillaume, ashe mutum ɗaya muke nufi. Sauƙin da aka yi min a aji ya dawo ya zame min wahala.

Maryam: Yawwa Hadiza, ai ni kika taimaka. Ke nan Faransawa ba su ji kunyar lanƙwasa suna ya dace da bakinsu ba. Mu ma Ingila muke cewa, Landan muke cewa. Don me ni za a ce sai na haɗiye Gwenwynwyn yadda yake?

Usman: Larabawa ma sun yi. Raynald na Châtillon, wanda Salahuddin ya kashe da hannunsa bayan yaƙin Hiɗɗin a 1187, marubutan Larabci Arnaɗ suke ce masa. Baldwin ya zama Bardawil, har yau akwai tafki a Sina'i mai wannan suna. Su ma Turawan suka rama, Salahuddin ya koma Saladin, Ibn Sina ya koma Avicenna, Ibn Rushd ya koma Averroes. Kowa da karin harshensa.

Malam Sani: Duk gaskiya ne. Amma ku lura, Arnaɗ dai Raynald ne aka tauna, ba wani suna aka ƙirƙiro masa ba. Maryam, ki tauna yadda kika ga dama, bakinki ne. Dafydd ma ki ce Dauda, don asalinsa ke nan, sunan Annabi Dawuda ne a bakin mutanen Wales. Abin da na ƙi shi ne marubucin ya tauna miki a takarda. Musamman a wannan labarin. Mutanen nan an ci su da yaƙi, daga baya dokar 1536 ta zamanin Henry na Takwas ta ce wanda ba ya Turanci ba ya riƙe muƙami a ƙasarsa. A hankali "ap" ɗin ya narke: ap Rhys ya zama Price, ap Hywel ya zama Powell, ab Owain ya zama Bowen, Gruffudd ya zama Griffith. Marubucin da ke ba da labarin yadda aka murƙushe su, in ya sake Turantar da sunayensu, ya shiga sahun Sarki Edward na Ingila da ya ci su da yaƙi ke nan. Ke da kike jin haushi in an ce Sokoto maimakon Sakkwato.

Maryam: Malam ni ban taɓa jin haushin Sokoto ba, a takardar haihuwata ma haka aka rubuta.

Nura: An kama Malam.

Anti Rabi: Ku tsaya, kuna haɗa cuta biyu wuri ɗaya. Akwai sunan da ba ya furtuwa, akwai sunan da ya maimaitu. Na farko ba komai ba ne, rabin awa ya ishe ka. Ni da na yi irin wannan karatun, a bayan ambulan na rubuta ƙa'ida huɗu na maƙale a bangon littafin. "dd" kamar zalun na Larabci take, wadda malamin allo ke sa ka fito da harshe tsakanin haƙora. "f" guda ɗaya "v" ce, sai an ninka ta take zama "f". "w" tana iya zama wasali, kamar "u". "ll" kuma ka kafa harshe kamar za ka ce "l" sai ka hura iska ta gefe, kamar mage ta fusata. Jikata tana zaune tana kallona ina ta huci ni kaɗai, ta ruga ta ce wa uwarta Hajiya ta shaƙe. Amma daga ranar sunayen suka daina tsaya min a wuya.

Na biyun ne matsala, kuma nan Maryam tana da gaskiya. Eleanor huɗun nan ba ƙarya ba ne: matar Llywelyn Eleanor de Montfort ce, uwarta Eleanor, matar Sarki Edward Eleanor ta Castile, uwarsa Eleanor ta Provence. Babu ƙa'idar furuci da za ta raba miki su.

Bashir: To kun ji. Ni da a kunne nake sauraron littafi ina tuƙi, wa zai buɗe min bishiyar zuri'a a shafin farko? In mai karantawa ya ce Eleanor ta shigo, sai in jira in ji wa ta runguma kafin in san wacce ce.

Maryam: Kuma Malam, mu Hausawa da ka kawo misali da mu, ai ba ma barin abin haka. In aka yi wa kaka takwara, wa ke kiran yaron da sunan? Abba ne, ko Baffa, ko Khalifa. Yarinya Ummi ce ko Walida. Gidanmu Muhammadu biyar ne, babu wanda ake kira Muhammadu. In uwa ta iya raba 'ya'yanta da laƙabi, marubuci ma ya iya.

Malam Sani: Wannan kam na karɓa. Su ma mutanen lokacin haka suka yi, shi ya sa yayan Llywelyn ake ce masa Owain Goch, wato Ja. In marubuci ya bar ɗaya Eleanor, ya kira ɗaya Nell ko Ellen, ya kira tsohuwar uwar sarki, bai yi laifi ba, matuƙar ya faɗa mana abin da ya yi. Wanda ya zuba su huɗu ba alama, ragwanci ne. Mafi muni ma yana baya, lokacin basasar da ta biyo mutuwar Henry na Ɗaya a 1135. 'Yarsa Matilda tana neman sarauta, Stephen ya riga ta hawa, matar Stephen kuma Matilda. A 1141 mutanen Matilda ta farko suka kama Stephen a Lincoln, sai Matilda ta biyu ta tara dakaru suka fatattaki ta farko a Winchester. Rubuta wannan ba tare da laƙabi ba zalunci ne. Amma laƙabi daban, sauya suna daban. Abba dai in ya je ɗaurin aurensa Muhammadu za a ce.

Usman: Akwai ta uku da ba ku taɓo ba, kiran mutum da sarautarsa. A labaran ƙarni na 15 za ka ga Warwick ya ce, Salisbury ya ce, ka ɗauka sunaye ne, alhali garuruwa ne. Su biyun ma Richard Neville ne sunansu, ɗa da uba. Wanda ake ce wa Gloucester tun farkon littafi, a 1483 sai ya rikiɗe ya zama Sarki Richard na Uku.

Anti Rabi: Wannan ai mu bai kamata ya ba mu wuya ba. Wanda ka sani Ɗan'iya bara, bana Ciroma ne, gobe ka ji an ce Sarki. Ba wanda ya taɓa ruɗewa a fada.

Bashir: A fada kina ganin fuskarsa, Anti. A littafi fa?

Hadiza: Ni abin da na lura, shafi hamsin na farko ne azabar. Bayan nan halin mutum ke riƙe maka sunansa. Wanda ya ci amana sau ɗaya ba ka ƙara mance shi.

Maryam: Ni ina 140 kuma ban tsira ba. Har yanzu ina kan bakana, rabin sunayen nan ba su da aikin yi a labarin. Kowane mai riƙe linzamin doki sai an faɗo shi da ubansa da kakansa. Amma na yarda a bar wa manyan nasu. Malam, taimake ni da abu ɗaya kawai: Daudan da nake tare da shi yanzu, wanda ya gudu wajen Ingilishi, kawun ne ko ƙanen?

Malam Sani: Ƙanen ne, Dafydd ap Gruffudd. Kawun ya rasu tun 1246. Wannan ya koma wajen Ingilishi a 1263, aka shirya, a 1274 kuma suka ƙulla kashe yayan nasa shi da Gwanin Nura, wato Gruffudd ap Gwenwynwyn. Shi ne dai ya sake tayar da yaƙin 1282 da ya far wa ganuwar Hawarden, a Disambar shekarar aka kashe Llywelyn kusa da Cilmeri, shi kuma Dafydd, Edward ya sa aka yi masa kisan wulaƙanci a Shrewsbury a 1283. Eleanor matar Llywelyn ta riga mijin rasuwa wajen haihuwa, jaririyar, Gwenllian, aka kai ta gidan mata masu zaman ibada a Sempringham, can ta rayu har 1337.

Maryam: Innalillahi! Malam tambaya ɗaya na yi maka! Saura min shafi ɗari huɗu, ko auren ba a ɗaura ba!

Malam Sani: Yi haƙuri 'yata. Na ɗauka abin da ya shekara ɗari bakwai ya wuce a ɓoye shi.

Nura: Anti in kin fasa karantawa a ara min.

Maryam: Ba inda za shi. Anti Rabi, ɗauko min hoton ambulan ɗin nan ki turo.